Watan da Na Ƙara a Kan Dutsen Piliyo

Hajara, wannan babin naki ne, sauran 'yan'uwanki su saurara kawai. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya don a faranta wa wani rai. Tun kina yarinya ake gaya miki cewa dusar ƙanƙara ce ta rufe hanya ta riƙe ni a ƙasar Girka har kika manta da ni. Ni na kawo wannan maganar gida. Mahaifinki ya karɓa, Yaya Lamisi ta karɓa, unguwarmu Moshi Zongo duka ta karɓa. Rabin gaskiya ce. Yau zan ba ki ɗaya rabin.

A shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga mai baƙin tauraro, ina aikin wanki da shara a gidan wani Bagirke mai gidan burodi a unguwar Tishigu, nan Tamale. Massa Kosta muke ce masa. Matarsa Madam Eleni ta haihu a farkon damina, namiji, aka sa masa Niko, ba ta yi arba'in ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Ke a lokacin watanki tara, kina bayana duk inda na sa ƙafa. An gwada wa jaririn madarar gwangwani, ya amayar. An kawo ta shanu daga ruga, cikinsa ya ɓaci. Rana ta uku kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Ban tambayi kowa ba, na sauke ki a tabarma, na ɗauke shi na sa a nono, ya kama. Wata biyu ina shayar da ku biyu, ke a dama shi a hagu, har Massa Kosta ya sayar da gidan burodin ya ce zai kai yaron wurin kakarsa a kan dutsensu, Piliyo. Hausarsa ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinsa.

"Zuwera, ka zo da ni. Yaro ya mutu a jirgi in babu kai. Wata huɗu kawai, tafiya da dawowa."

Mahaifinki Imoro ya yi kwana biyu a kan keken ɗinkinsa. Sannan ya je wurin malam, ya dawo ya zauna a bakin ƙofa yana kallon ƙafarsa.

"Malam ya ce yaron da ya sha nononki ya ƙoshi sau biyar ɗanki ne, ɗana ne, ƙanin Hajara ne. Ban so jin haka ba."

"To kai me ka ce, maigida?"

"Na ce ɗana ba zai mutu da yunwa a kan ruwa ba. Amma 'yata ba za ta hau teku ba. Ki zaɓi ranar da za ki kai ta gidan Lamisi."

Yaya Lamisi, wadda nake bi, koko da ƙosai take sayarwa a bakin tasha. Ta karɓe ki daga hannuna ta ɗora a kafaɗa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Koko ba ya ƙarewa a gidan nan, wannan kada ki damu. Amma ki riƙe watanninki da kyau, Zuwera. Yaro ba turmi ba ne da za ki jingine ki dawo ki tarar da shi yadda kika bari."

Ba zan ɓata lokaci a kan lori zuwa Kumasi, da jirgin ƙasa zuwa Takoradi, da tekun da ta juya mini hanji ba. Dutsen nake so ki gani. Mun sauka a wani gari a bakin ruwa da ake ce wa Bolos, na ɗaga kai, sai na ga bayan garin babu sama. Ƙasa ce ta miƙe tsaye, kore shar, ta shige cikin gajimare. Ki tuna ni 'yar Tamale ce, inda in kika tsaya a bakin hanya kina hango lorin Bolga tun yana kamar ƙuda. Ban taɓa sanin ƙasa tana iya tashi ta tare wa mutum rana ba. Aka ɗora ni a kan alfadari da Niko a baya, muka kama wata hanya da aka shimfiɗa da duwatsu, tana nannaɗewa kamar igiyar guga. Kurmi ya rufe mu. Itatuwan dogaye ne masu santsin jiki, fari-fari kamar an shafa musu toka, kuma ganyensu ya soma komawa ja da rawaya, har na ce wa Massa Kosta wuta ta ci dajin ne? Ya ce a'a, haka suke yi in sanyi ya gabato. Can muka fito wani buɗaɗɗen wuri, na leƙa ƙasa, na ga gajimare a ƙarƙashin ƙafafun alfadarina. Na karanta duk abin da na iya. Daga kan tudun ƙarshe teku ce a dama, teku ce a hagu, dutsen ya miƙa hannu tsakaninsu, ƙauyensu kuma yana manne a haƙarƙarinsa, gidajen an rufe su da falalen duwatsu maimakon ciyawa ko kwano.

Abin da ya fi girgiza ni ruwa ne. Kin san yadda muka tashi. Tun asuba mata na layi a bakin dam da garwa a ka, ruwan launin ƙasa, a tace da ɗankwali, a yi wanka da kwanon sha biyu, ruwan wanke shinkafa a ba akuya. A can kuwa a tsakiyar ƙauyen akwai bango da bakin dutse, ruwa na kwarara daga ciki, garau, mai sanyin da ke sa haƙori ciwo, yana zuba a ƙasa yana bin gefen hanya, babu mai tara ko tulu ɗaya. Na tsaya ina jiran wanda zai zo ya rufe. Babu kowa. Washegari na tarar yana nan yana zuba. Raina ya kasa ɗauka, na yage gefen tsohon zanena na dunƙule na toshe bakin. Ruwan ya kumbura ya fashe ta gefe ya jiƙa wani tsoho da ke zaune da kofinsa. Uwar Massa Kosta, tsohuwa Marika, gajeriya cikin baƙaƙen kaya, ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce wani abu, ɗanta ya fassara mini.

"Ya ce ruwan nan yana zuba tun kafin kakansa. Ya ce in ka toshe shi nan, ya fito a ɗakin wani."

"Ka ce mata a garinmu an saki mace a kan ƙasa da wannan."

Da ya gaya mata sai ta daina dariya. Ta kama hannuna ta juya tafin, ta duba kantar igiyar guga, ta sake shi. Daga ranar muka fahimci juna ba tare da harshe ba.

A bakin ruwan nan akwai wani itace da mutum goma ba za su zagaye shi da hannu ba, cikinsa rami ne, mai gyaran takalmi ke zama a ciki da kujerarsa da kayan aikinsa. Kukar da muke taƙama da ita, in aka kai ta can, sai ta gaishe shi a durƙushe. Kowace safiya nakan bi tsohuwa Marika cikin kurmi tsintar wasu 'ya'yan itace masu ƙaya a jiki kamar bushiya, in an fasa a sami ƙwaya ja mai sheƙi, a gasa, ɗanɗanonta tsakanin dankali da gurjiya. A nan na ga dabbobin dutsen. Kunkuru yana ratsa hanya ba ya tsoron kowa. Yanyawa ja mai wutsiya kamar tsintsiya ta tsaya ta dube ni ido cikin ido kafin ta wuce. In an yi ruwa wani ƙadangare ke fitowa, baƙi wuluk da ɗigo-ɗigon rawaya, yana tafiya a hankali kamar mai gari, kuma babu yaron da ke jifansa. Aladen daji ban gan shi ba sai sau ɗaya, uwa da 'ya'yanta masu zane a baya, suka fito daga ganye suka tsaya, tsohuwa ta riƙe mini zane muka daskare har suka gama shawara suka juya. Sama kuma gaggafa, ba ta kaɗa fiffike, tana shawagi a ƙasa da inda nake tsaye. Ni da na saba ɗaga kai in ga tsuntsu, ga ni ina kallon bayansa.

Mutanen Kirista ne, suna da coci da ƙararrawa, amma dutsen yana da labaran da suka girmi cocin. Muna ɓare ƙwayoyin nan a tsakar gida tsohuwa ke bayarwa, ɗanta na fassarawa. Ta ce a zamanin farko wasu samudawa sun ciro dutsen nan suka ɗora shi a kan wani dutsen don su hau sama su yi yaƙi da masu sama, aka jefe su suka rikito. Na ce wannan mun san irinsa, girman kai ne, ƙarshensa ɗaya ne ko'ina. Ta ce kuma a kurmin akwai wasu halittu, daga cibiya zuwa sama mutum, daga cibiya zuwa ƙasa doki, mashaya, masu faɗa, sai ɗaya daga cikinsu mai hankali da ya san kowane ganye da saiwa, yana zaune a kogo can ƙololuwa. Ban ce miki na yarda ba. Amma a Tamale ma akwai kurmin da Dagomba ba sa sara, kuma ban taɓa ganin Bahaushen da ya shiga da gatari don ya nuna shi Musulmi ne ba. In kina cikin kurmin Piliyo gajimare ya sauko ya rufe ki, kika ji takun kofato a kan dutse ba ki ga mai shi ba, bakinki zai kama addu'a kafin hankalinki ya ce alfadari ne.

To, ga abin da ya kawo ni. Shirin shi ne a mayar da Niko kan nonon akuya, don a can haka suke yi wa marayu. Tsohuwa ta kawo wata farar akuya da aka raba da ɗanta, aka wanke mata hantsa, a kwantar da ita a kan bargo a kanga masa baki. Ya ƙi. Ya juya kai yana nemana. Tsohuwa ta ce a bar shi da yunwa rabin yini, zai kama, kuma in fita daga gidan kada ya ji ƙamshina. Da na bi maganarta, mako ɗaya ya isa, in sauka in sami jirgin da zai dawo da ni gare ki a cikin wata huɗun da na yi alkawari.

Ban bi ba. Nakan ce zan kai shi shan iska, in goya shi in shiga kurmi, in zauna a gindin wani itace kusa da rafi in ba shi ya sha har ya ƙoshi. In mun dawo a kawo akuya, ya dube ta ya yi gyatsa. Massa Kosta ya ce yaro mai taurin kai ne, aka ɗaga tafiyata, jirgin ya tafi. Wata guda cur ina haka. Na sha tambayar kaina dalili. Tausayin yaron yana ciki, don kukansa yana tsinka mini nono tun kafin in taɓa shi. Amma ba zan laɓe a bayan tausayi ba. Ina son wurin. Tun da aka haife ni ban taɓa zama a inuwa ruwa na gudu a gabana babu mai kirana ba. Nakan ce gobe zan bari, gobe ta zo in ga rafin, in ga hasken da ke ratso jajayen ganye, in kwance goyo. Ina tuna ki, kada ki ce ban tuna ba. Ina tuna ki kuma ina zaune.

Tsohuwa Marika ta sani. Wata safiya ta ce in goya yaron, ta kira ɗanta, muka hau sama fiye da inda muka taɓa zuwa, har itatuwa suka gajarce iska ta yi kaifi. Muka isa bakin wani kogo, baƙi, ruwa na ɗiga a ciki, ciyayi masu ƙamshi sun kewaye shi. Ta zauna a kan dutse tana haki, ta yi magana mai tsawo tana kallona, ba ta kallon ɗanta.

"Ya ce nan ne gidan mutum-doki mai hankali. Ya ce sarakuna suna kawo masa yaransu, wanda uwa ya mutu, wanda uwa ya gudu. Shi ya ba su abinci, ya koya musu magani da farauta."

"Sai me?"

"Ya ce in yaro ya tsaya da ƙafarsa, mutum-doki ya kawo shi nan bakin kogo, ya nuna masa hanya, shi ya koma ciki. Bai riƙe ko ɗaya ba." Uwarsa ta zungure shi da sanda ya ƙarasa. "Ya ce akuya bai da laifi. Ya ce yaron da ke jin yunwa ba ya gyatsa."

Ban sunkuyar da kai ga mace ba tun da uwata ta rasu, amma ranar na sunkuyar. Tsohuwa ta miƙa hannu ta tsinko wani ganye mai toka-toka, ta murza ta kai mini hanci. Tazargade ne, ko ɗan'uwansa. Ta nuna ƙirjina. Ashe su ma haka suke yaye, a shafa ɗaci a nono, yaro ya kama ya saki da kansa, ya ce nonon ne ya ɓaci, ba uwar ce ta ƙi shi ba. A nan, a bakin kogon, abin da na yi miki ya fito mini fili. Ke ban shafa miki ɗaci ba, don Niko yana sha. An zare ki daga nono yana da daɗinsa, kina kallo wani ya ci gaba da sha. Na karɓi ganyen na shafa a wurin. Niko ya kama, ya saki, ya dube ni irin kallon da ban so in sake gani. Kafin la'asar yana kwance a cikin farar akuya yana sha, ita kuma tana lasar masa kai.

Aka sa ranar saukata, kwana biyar. A rana ta huɗu na buɗe ƙofa da safe na tarar babu duniya. Fari ne ko'ina, rufin gidaje, da itatuwa, da hanya, kuma yana ci gaba da saukowa kamar audugar rimi, ba ƙara ko kaɗan. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har ruwan bangon nan ya rage murya. Na tara hannu, ya sauka ya zama ruwa. Na tsaya ƙafa ba takalmi ina tasbihi har tsohuwa ta jawo ni ciki tana faɗa. Abin da ya fi kowane abu kyau da idona ya gani ke nan, kuma shi ne ya rufe hanyar alfadari mako bayan mako. Jirgi na biyu ya tafi. Na gaba sai da sanyi ya karye. Nonona ya kumbura ya yi ciwo ya ƙafe, ina zaune a bakin murhu ba ni da aikin yi, akuya na shayar da ɗana, 'yata na can wata duniya. Wata huɗu ya zama tara. Maganar ƙanƙara gaskiya ce, Hajara. Amma ni na zauna na jira ta.

Ranar da na sauka, dajin ya fito da sabon ganye, ruwa na ruri a kowane kwari. Tsohuwa ta rako ni bakin ƙauye da Niko a hannu, ya riƙe gefen baƙin mayafinta yana kallon alfadari, ba ni ba. Ban sake ganinsa ba.

Na iso Tamale da rana tsaka. Ban je gida ba, na wuce bakin tasha. Yaya Lamisi na juya ƙosai, ke kina tsaye a gefenta da ƙafafunki, kin riƙe zanenta. Ban ga ranar da kika soma tafiya ba. Na durƙusa na miƙa hannu, kika koma bayanta.

"Mma, wace ce?"

Yaya Lamisi ba ta dube ni ba, ta tsame ƙosai ta zuba a kwando.

"Baƙuwa ce daga nesa. Gaishe ta."

Kika gaishe ni da ladabi, yadda ta koya miki, na amsa. Mahaifinki ya ce a dawo da ke gida ko kina kuka, kwana uku za ki saba. Na ce a'a. An zare ki sau ɗaya daga wurin da kike jin daɗi, ba da hannuna za a sake ba. Shi ya sa kika tashi a gidan Lamisi, ba don ban neme ki ba, kamar yadda kika gaya wa 'ya'yanki.

Ban sani ba ko da na dawo a kan lokaci za ki gane ni. Mai yiwuwa wata huɗu ma ya isa yaro ya manta. Amma wannan hukuncin Allah ne da ban bari na gani ba, don haka ba zan fake da shi ba. Na ji kina ce wa Niko ɗan Baturen da ya sace miki uwa. Ki bari. Jariri ne, ƙaninki ne, kuma in yana raye ya tsufa kamar ke. Ba shi ya riƙe ni ba, ba ubansa ba, ba dutsen ba. Fushinki na shekarun nan duka wurin da bai dace ba kika kai shi. Ina unguwar Gurugu, ɗakin da ke fuskantar gabas, ba na fita sai ranar Juma'a. Ki kawo fushin naki nan.